Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ikilisiyoyinmu: fuskar wa muke rataye wa yaranmu a bango?

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci da dattawan ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa, da kwamitocin da ke shirya mana littattafan makarantar Lahadi da kalandar shekara.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya hidima, yaya iyali? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni malamar makarantar Lahadi ce a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye a ƙasar Zazzau, shekarata 19 ke nan a wannan aiki. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Malaman gundumarmu ne, maza da mata, tare da wasu iyayenmu na Zumuntar Mata, muka zauna bayan taron bita muka ce a rubuta, aka miƙo mini alƙalami wai don na fi kowa surutu. Mun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma akwai maganar da sai wanda ke zaune a tabarma ɗaya da yara yake jin ta, ita muka kawo muku. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sabon littafin darasin yara da aka raba mana a farkon zangon nan. Mun yi murna da zuwansa, don tsohon ya yage, wasu shafukan ma gara ta cinye. Hausarsa ta yi daɗi, takardarsa mai kauri ce, kuɗinsa kuma daidai aljihun iyaye. Sai dai mutumin da ke bangon littafin shi ne dai wanda muka sani tun muna 'yan yara: fari sol, gashi mai ruwan zinariya ya zubo har kafaɗa, siririn hanci, shuɗayen idanu kamar na mage, da farar riga wadda ko ƙura ba ta taɓa ba. Da muka kai darasin gwaji cikin jeji kuwa, sai ga Shaiɗan an zana shi baƙi wuluk, da kaurin leɓe da gashi irin namu. Shekara uku da suka wuce mun kai kukan irin waɗannan hotuna a taron gunduma, aka ce za a duba. Yanzu kuma labari ya iso mana cewa da wannan fuskar za a buga kalandar baɗi, wadda za ta shiga kowane ɗaki.

Ranar da na fara koyarwa da littafin, wata yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ba ta cika magana ba, ta jira sai da sauran suka fita wasa. Ta zo ta ɗora tafin hannunta a kan hoton, ta dubi bayan hannun, ta dubi fuskar, sannan ta ce, "Malama, in mun je sama, Yesu zai wanke mu mu zama farare kamarsa?" Na ce wa ya gaya miki haka? Ta ce ba kowa, ai a ayar haddarmu ta Zabura 51 an ce a wanke ni in yi fari. Na zaunar da ita na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa zuciya ake nufi ba fata ba. Ta ce to. Amma ina kallon idonta ya koma kan hoton. Gani ya kori ji, iyayenmu. Ni minti 40 nake da shi da ita a mako, kalandar kuwa tana rataye a ɗakin uwarta dare da rana.

Kukanmu na farko shi ne hoton nan ba gaskiya ba ne, mu kuma muna miƙa wa yara shi a matsayin gaskiya. Ku kuka koya mana Littafi, kun fi mu sanin cewa a cikin Matiyu da Markus da Luka da Yahaya ba wanda ya faɗi tsawon Yesu, ko launin fatarsa, ko irin idonsa. Littafin da ya gaya mana Saul ya fi kowa tsawo, Dawuda ja ne kyakkyawa, Zakka gajere ne, Yahaya Mai Baftisma rigar gashin raƙumi yake sawa, ya zo kan kamannin Yesu ya ja bakinsa ya yi shiru. Ɗan abin da ake iya tsinta kuma duk wuri ɗaya yake nunawa. A Getsamani sai da Yahuza ya ba masu kamu alama, ya ce wanda zan sumbata shi ne. Da a ce fari ne mai gashin zinariya a tsakiyar Galilawa, ai da cewa zai yi ku kama farin, magana ta ƙare. Matar Samariya a bakin rijiya ba ta yi wata-wata ba ta kira shi Bayahude. Annabi Ishaya a sura 53 ya ce ba shi da kyan gani ko kwarjinin da zai ja ido. Bulus ma da ya rubuta wa Korantiyawa cewa doguwar suma abin kunya ce ga namiji, ya san Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, ya zauna da Bitrus kwana 15. Da wuya ya rubuta haka in da gashin Ubangijinsu har kafaɗa yake.

Ku dubi kuma rayuwarsa. Ɗan ƙauyen Nazarat ne, masassaƙi, mai aiki da hannu. Daga Galili zuwa Urushalima tafiya ce ta sama da kilomita 100, a ƙafa yake yin ta. Yana koyarwa a bakin teku, a kan tudu, a cikin jirgin masunta, duk a rana. Mu 'ya'yan manoma mun san abin da rana ke yi wa fata da tafin hannu. Mutumin da ke bangon littafinmu bai taɓa riƙe gizago ba.

Masu bincike ma sun yi nasu ƙoƙarin. A 2001 wani gwanin sake gina fuska daga ƙashin kai, Richard Neave na Jami'ar Manchesta a Ingila, ya yi wa gidan talabijin na BBC aiki da ƙoƙunan kan Yahudawan wancan zamani. Abin da ya fito shi ne mutum mai faɗin fuska, wankan tarwaɗa, da gajeren baƙin gashi mai murɗewa da gemu. Ba a ce fuskar Yesu ce ba, an ce haka mazan yankinsa suke a lokacin. A 2018 kuma Farfesa Joan Taylor ta Landan ta fitar da littafi sukutum a kan wannan tambaya, ta auna ƙasusuwan da aka tono da tsabar kuɗi da zane-zanen zamanin, ta ce abin da ya fi kusa shi ne mutum mai tsawon kimanin santimita 166, fata mai duhu-duhu, idanu masu ruwan ƙasa, gajeren baƙin gashi. Wato in ya ratsa kasuwar Sabon Gari ba lalle a juya a kalle shi ba, sai dai a ce wani Balarabe ne ko Buzu ya wuce.

To daga ina wannan fuska ta zo? A nan ne na fi so ku ba ni haƙuri in ɗan daɗe, domin mu kanmu malamai sai da muka bi sawun abin sannan idonmu ya buɗe. Ɗaya daga cikin zanen Yesu mafi tsufa da aka samu yana bangon wani gida da Kirista suka mayar wurin sujada a garin Dura-Europos a Siriya, wajen shekara ta 235, kimanin shekara 200 bayan gicciye. A can saurayi ne marar gemu mai gajeren gashi, yana warkar da shanyayye. A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma ma haka ake zana shi, matashin makiyayi da tunkiya a kafaɗa. Gemu da doguwar suma sun kafu ne bayan da addinin ya shiga fadar sarakunan Roma a ƙarni na 4, masu zane suka ari kamannin da mutanensu suka saba gani a jikin manyan allolinsu da masu hikimarsu don su nuna ɗaukaka. Zuwa ƙarni na 6, kamar yadda sanannen zanen nan na gidan sufaye da ke Dutsen Sinai ya nuna, fuskar ta zauna. Daga nan kowace al'umma ta riƙa ja wajenta. 'Yan Italiya suka zana ɗan Italiya, mutanen arewacin Turai suka ƙara masa haske. A ƙarni na 15 wata wasiƙa ta bazu a Italiya wai wani gwamnan Yahudiya mai suna Lentulus ne ya rubuta ta yana kwatanta gashin Yesu da tsagar tsakiyar kansa da kyan fuskarsa. Ba a taɓa yin gwamnan Yahudiya mai wannan suna ba, wasiƙar ta jabu ce, amma masu zane sun sha daga gare ta, har yau kuma tana yawo a WhatsApp.

Fuskar da ta fi shiga gidajenmu kuwa ba ta ma kai shekara 100 ba. Wani mai zanen talla a Shikago ta Amurka, Warner Sallman, wanda iyayensa suka yi ƙaura daga arewacin Turai, shi ya zana ta a 1940. A yaƙin duniya na biyu aka buga ta a ƙananan katuna aka raba wa sojojin Amurka, daga nan ta bi duniya, har ana ƙiyasta an buga ta sama da sau miliyan 500. Sai fina-finai suka ɗora. Hoton nan mai shuɗayen idanu da ake mannawa a gilashin mota da bayan Keke, na Robert Powell ne, ɗan wasan Ingila, daga fim ɗin 1977. Wanda muke kallo a majigi yana magana da Hausa kuwa, a fim ɗin 1979, Brian Deacon ne, shi ma ɗan Ingila. Ba na raina wannan majigi, mutane da yawa a ƙauyenmu ta wurinsa suka fara jin bishara, ni ma na yi kuka a gabansa. Amma na taɓa shiga gidan gaisuwar rashin lafiya na tarar da dattijo ya durƙusa yana addu'a ya ɗora goshinsa a kan hoton Powell. Na rasa ta inda zan fara ce masa wannan ɗan wasa ne, an biya shi kuɗin aikinsa ya koma gidansa.

Tun kafin duk wannan, Agustin, bishop ɗin Hippo, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta cewa mutane suna suranta fuskar Ubangiji iri-iri ba iyaka a zukatansu, alhali fuskar ɗaya ce, kuma ba a kan abin da muka suranta bangaskiyarmu take tsaye ba. Ɗan Afirka ne ya faɗi haka shekara 1,600 da suka wuce, mu kuma yau muna buga zanen Shikago ba tare da ko layi ɗaya a ƙarƙashinsa mai cewa zane ne ba.

Kukanmu na biyu shi ne abin da hoton ke yi wa yaran. Ba yarinyar nan kaɗai ba ce. Duk shekara in za a yi wasan Ista, yaran da kansu suke raba matsayi kafin mu buɗe baki: wanda ya fi haske shi ne Yesu, 'yan mata masu haske su ne mala'iku, wanda ya fi duhu kuwa ya riga ya sani, ko Yahuza ko Shaiɗan. Akwai wani yaro a ajina, ya fi kowa haddar aya, muryarsa kamar ƙararrawa. Shekara uku a jere ana shafa masa gawayi a fuska, kamar baƙin da Allah ya ba shi bai isa ba, ana ɗaura masa ƙahon kwali. A ta huɗu ya ce shi ba ya wasa, ya zauna a bayan coci yana jifan kaji da tsakuwa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malama, ai ni kullum ni ne mugun." Laifin nan har da ni a ciki, domin ina tsaye ake shafa gawayin, ina dariya tare da kowa.

Harshenmu ma yana taya hoton aiki. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farar zuciya da baƙar aniya, ba wanda ya yi nufin fata da su. Ga kuma ɗan littafin nan marar rubutu da muke wa'azin yara da shi, baƙin shafi zunubi, jan shafi jini, farin shafi tsarki. In babu hoton, yaro zai gane launi ne kawai na misali. Amma in ka haɗa baƙin shafi da baƙin Shaiɗan mai irin leɓensa, ka haɗa farin shafi da Baturen da ke bango, to lissafin da yaro zai yi ba sai an koya masa ba.

'Yan matan da suka bar ajinmu shekara biyar ko shida da suka wuce, yau muna ganin wasunsu a ƙungiyar mawaƙa fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu baƙi, fata ta yi laushi tana tsagewa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan mayukan bilicin, da sinadaran da ke cikinsu masu lalata fata da ƙoda. Ba mu ce kalandar coci ce ta sa su shafa ba. Tallan talabijin na nan, samari na nan, tsohuwar maganar nan ta farar mace alkyabbar mata ma tana nan tun kafin a haife mu. Amma ikilisiya ce wurin da ya kamata yarinya ta shigo ta ji cewa yadda aka halicce ta ya yi, cikin siffar Allah aka yi ta. In ta ɗaga kai ta ga har a nan ma mai tsarki fari ne, mala'iku farare ne, baƙi ɗaya tak a littafin shi ne Iblis, da wane baki za mu tsawata mata?

Na uku ya shafi zamanmu da maƙwabta. Wata ƙawata Musulma, tare muka yi firamare, ta shigo ɗakina barka ta ga kalanda, ta ce cikin raha, "Wai wannan Baturen shi ne Annabi Isa naku?" Su ba sa zana annabawa ko kaɗan, suna kuma girmama Annabi Isa ɗan Maryamu, sun san a ƙasar Falasɗinu aka haife shi. Na ji kunya, domin a wannan gaɓar ta fi kalandata gaskiya. Kun san irin gorin da ake yi wa Bahaushe Kirista, wai ya bar gida ya bi addinin Turawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarihin kalmar Nasara kanta. Daga Larabci ta zo, asalinta kuma yana komawa ga Nazarat, ƙauyen Yesu. A Ayyukan Manzanni 24 an kira Bulus shugaban ɗarikar Nazarawa. Amma da Turawan mulki suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sunan ya manne musu, har yau in an ce zamanin Nasara kowa ya san mulkin mallaka ake nufi, a Nijar ma anasara shi ne farar fata. Sunan ƙauyen Galili ya zama sunan Bature a bakinmu. Wannan ba mu muka yi shi ba. Amma duk shekara mu ne muke fitar da kuɗin baikonmu mu buga hoton da ke sa wa wannan kuskure hannu.

Alhali kuwa tarihi yana tare da mu. Masar ce ta ɓoye Yesu yana jariri. Mutumin Kurane, a Libiya ta yau, shi ya ɗauki gicciyensa. Filibus ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma tun kafin Bulus ya taka ƙasar Turai. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi bangaskiya a ƙarni na 4, sama da shekara 200 kafin a aika masu bishara daga Roma zuwa ga Ingilishi a 597. Iyayenmu na Wusasa da suka gina majami'arsu a 1929, ginin ƙasa suka yi irin na Hausawa. A 1932 aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa, Yesu ya yi magana da harshenmu. Gini ya zama namu, harshe ya zama namu, waƙa da ganga ma mun ƙwato su. Fuskar ce kaɗai muka bari yadda aka kawo ta cikin akwati.

Akwai na huɗu, gajere ne amma ba ƙarami ba. In aka cire Yesu daga Yahudancinsa, an yanke shi daga Ibrahim da Dawuda da annabawa, asalin da Matiyu ya buɗe Linjilarsa da shi. An taɓa yin haka da gangan. A 1939 a garin Eisenach na Jamus, wasu malaman tauhidi masu bin Hitila suka kafa cibiya musamman don share duk wani abu na Yahudawa daga ikilisiya, suna koyar da cewa Yesu ba Bayahude ba ne, jininsu ne, har suka buga Sabon Alkawarin da aka tsince. Ba mu kwatanta kowa a cikinku da su ba, Allah ya kiyaye. Amma na yi gwaji a ajina, na tambayi yara Yesu ɗan wace ƙasa ne. Amurka ta fi samun hannu.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Ba mu ce a sanar daga bagade cewa Yesu Bahaushe ne ko baƙar fatar Afirka ba. Matasanmu a Facebook suna yaɗa wannan, suna kafa hujja da Wahayin Yahaya sura 1, wai gashi kamar ulu da ƙafafu kamar tagulla. Wannan wahayi ne na ɗaukaka, ayar kuma farin gashin take kwatantawa da ulu, a cikin wahayin ma takobi ne ke fita daga bakinsa. Gudun hijira zuwa Masar ma bai tabbatar da launi ba, Yahudawa masu yawa ne ke zaune a can a lokacin. In muka cire ƙaryar wasu muka sa tamu, ba mu ci gaba ba. Bayahude ne na Galili, a nan tarihi ya tsaya, mu ma a nan muke so a tsaya.

Zanen da al'umma ta yi don ta ce ya zo dominmu mu ma, wannan wani abu ne dabam, muddin an faɗi cewa hakan ake nufi. Habashawa sun daɗe suna zana shi da kamanninsu. A shekarun 1970 Kiristan ƙabilar Mafa a duwatsun arewacin Kamaru, nan kusa da iyakarmu, suka riƙa yin wasan labaran Linjila a ƙauyukansu, aka ɗauki hotunansu aka mayar zane sama da 60: ga bukkoki, ga rumbu, ga tulu, ga Yesu baƙi cikin jan mayafi. A Oye-Ekiti tun 1947 wani limamin Katolika, Kevin Carroll, ya tara masassaƙan Yarabawa suna sassaƙa labaran Littafi da salon gidansu. Ba wanda ya kalli waɗannan ya ɗauka hoton kyamara ne. Matsalar zanen Shikago ita ce shi ya yi shekaru yana yawo a matsayin ainihin fuska.

Ga abin da muke roƙo, da ladabi.

A dakatar da buga kalandar baɗi da wannan hoto. In lokaci ya ƙure, a sa aya da kyakkyawan rubutu, ko makiyayi da tumaki, ko jirgin masunta, ko gurasa da ƙoƙo. Akwai ikilisiyoyi a cikinmu da dama ba sa son zanen Ubangiji ko kaɗan saboda doka ta biyu cikin Dokoki Goma, wadda ta hana yin gunki ko siffa, wannan zai kwantar da hankalin kowa, mu kuma ba mu zo tayar da waccan tsohuwar muhawara ba.

Shafin Shaiɗan kuwa kada a jira sabon bugu. A aika sanarwa ga kowace ikilisiya a rufe shi. Mu a namu mun riga mun manna farar takarda a kai da ƙullun rogo, littafi 34, da hannunmu. In an zo sake bugawa, a zana Yesu da almajiransa da kamannin mutanen ƙasarsu, a kuma rubuta a ƙarƙashin kowane hoto cewa wannan zane ne na taimakon koyo, ba wanda ya san ainihin fuskar Yesu. Layi ɗaya ne, ba zai ƙara ko kwabo a kuɗin bugu ba.

Mun san za a ce kuɗi. Hotunan nan kyauta ake saukewa daga intanet, ko a cikin kwalin taimako suke zuwa, mai zane kuwa sai an biya shi. Gaskiya ne. Amma a Samaru akwai sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yaye manyan masu zanen ƙasar nan, kuma akwai 'ya'yan ikilisiya da suka fito daga irin waɗannan makarantu suna zaune suna zanen allon shago. A kira su. Zumuntar Matan gundumarmu ta ce in an buɗe asusu don wannan aiki, ita za ta fara sa hannu. Abin da muke kashewa a ankon taro guda ya isa a zana rabin littafin.

A sa darasi ɗaya a manhajar shekara a kan ƙasar Yesu da mutanensa, da taswira, yara su ga inda Nazarat take, su ga Masar na maƙwabtaka da ita, su ga Amurka kuwa sai an haye teku. A makarantun horar da fastoci ma a ware ko yini guda a koyar da tarihin waɗannan hotuna, don fasto ya san amsar da zai bayar in an tambaye shi. Muna kuma so a ji daga bakinku, a kan bagade, cewa ba a raba matsayin wasan coci da launin fata, kuma a daina shafa wa yara gawayi. In mu muka faɗa, za a ce malama ce da fitinarta. In Baba Fasto ya faɗa, ta zauna.

Abu ɗaya da ba mu roƙa ba shi ne a shiga ɗakunan tsofaffi a ciro musu hotuna. Mahaifiyata ta rasu da zanen Sallman a saman gadonta, tsakanin jeren kwallayenta, gilashin ya tsage ta ɗaure shi da zare. Ba ta san Shikago ba, ba ta kuma bauta wa takarda ba, wanda ta sani ta sani. A bar irinsu da abinsu. Maganarmu a kan abin da za a buga gobe ne, da kuɗinmu, don yaran da ba su riga sun rataya kome a zuciyarsu ba.

Muna roƙon amsa a rubuce kafin a kai kalanda gidan bugu, ko da a'a ce, don mu san abin da za mu gaya wa iyaye. "Za a duba" ta riga ta ci shekara uku.

Mu dai a ikilisiyarmu mun fara shirin wasan Kirsimeti. Bana ƙuri'a muka jefa a cikin hular dattijo, Maryamu ta faɗa a kan yarinyar da ta yi mini waccan tambaya, yaron gawayi kuma shi ne mala'ika Jibra'ilu, uwarsa na can tana ɗinka masa fukafukai da buhun taki. 'Yar tsanar roba mai jan kumatu da muka saba kwantarwa a komin dabbobi mun ajiye ta a kabad. Akwai mata biyu masu tsohon ciki a Zumunta, duk wadda ta riga sauka, ta yarda za ta ba mu aron jaririn na minti goma. Ranar 24 ga Disamba ne, bayan sujadar yamma. In akwai wanda hanya ta biyo da shi cikinku, za mu ajiye masa benci na gaba.

Taku cikin hidima,
Malamar makarantar Lahadi, a madadin malaman gunduma da iyaye mata.